Neman labarin kakan da ya rasu a Yaƙin Bama

Malam, ka ce kakanka ya tafi Yaƙin Bama (wato ƙasar Burma, Myanmar a yau, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu) bai dawo ba, kana son sanin inda ya yi yaƙi da inda ya kwanta dama. Allah ya jiƙansa da rahama.

Yawancin sojojinmu suna Runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka gwabza da Japanawa a Kaladan da Arakan a 1944 da 1945. Fara da shafin Commonwealth War Graves Commission, hukumar da ke kula da kaburbura da sunayen sojojin da suka mutu a yaƙin, a intanet, kyauta ne. Waɗanda ba a san kabarinsu ba, an sassaƙa sunayen da yawansu a bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon.

Kada ka nema da sunan gidanku, nan mutane ke ɓata. Turawa kan rubuta soja da sunan garinsu, kamar Garba Katsina, kuma rubutun kan karkace, sai ka gwada Garuba. Masu suna ɗaya suna da yawa, don haka lambarsa ta soja ce madogara. Ka tambayi tsofaffin gida ko akwai lambar yabo ko wata tsohuwar takarda a ƙasan adaka.

In abin ya cije, ka je Arewa House ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ka nemi masanin tarihin soja.