Tambaya da Amsa: Cinikin Jitar Bes da Sauya Kayanta

Wasiƙun wannan makon sun zo daga Kebbi da Zamfara, kuma dukkansu a kan jitar bes mai amfani da lantarki suke, wato jitar nan mai kaurin murya wadda ke riƙe ƙasan kiɗa tare da ganga. Mun taƙaita tambayoyin domin fili ya isa.

Tambaya: Malam, ina kaɗa bes a ƙungiyar mawaƙan majami'armu a Zuru, wani lokaci kuma a wuraren biki. Wani mai sayar da kayan kiɗa a Legas ya turo mini hotunan wata jita ta hannu ta WhatsApp, ya ce Fender Jazz Bass ce, kuma kuɗin da ya faɗa bai kai rabin abin da na saba ji ba. Ya nemi in tura rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, shi kuma ya ba direba ya kawo mini. In tura?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka tura tukuna, domin wannan shi ne cinikin biri a sama. Ba na cewa mutumin macuci ne, amma hoto ba ya nuna abin da ya fi komai muhimmanci a jikin jita, wato lafiyar wuyanta. Fenti yana iya karcewa, wayoyin ciki suna iya tsinkewa, kuma duk wannan ƙaramin abu ne, wayoyin ma gyara ne na rana ɗaya a wajen mai gyaran rediyo. Wuyan da ya murɗe kuwa, ko wanda sandar ƙarfen da ke cikinsa domin daidaita lanƙwasarsa ta karye, sau da yawa kuɗin sauya shi yakan kusa kai kuɗin wata jitar.

Mu fara da batun suna. Kamfanin Fender na Amurka ya fitar da Precision Bass a 1951, ya biyo da Jazz Bass a 1960, kuma tun daga lokacin babu siffar bes da aka fi kwaikwayo kamar waɗannan biyu. A 1982 kamfanin ya fara fitar da jitoci masu sauƙin kuɗi da sunan Squier, waɗanda a yau galibinsu a Indonesiya da Sin ake ƙera su. Squier ba jabu ba ce, kayan kamfanin ne na halak, kuma tana aiki sosai. Inda ha'incin yake shi ne a kankare sunan Squier ko na wani ƙaramin kamfani daga kan jitar a manna na Fender, sannan a nemi kuɗin Fender. Saboda haka ka nemi ya turo maka hoton lambar shaidar da ke kan jitar, gaba da baya. Waɗanda aka ƙera a masana'antar Ensenada ta ƙasar Meziko lambarsu takan fara da MN idan na shekarun 1990 ne, MZ na shekarun 2000, MX kuma daga 2010 zuwa sama. Fender na da wurin binciken lamba a intanet, sai dai ka sani cewa mai yin jabu ma yana iya kwafe lambar gaskiya, don haka dacewar lamba alama ce kawai, ba ta isa hujja ba.

Abin da ya fi shi ne ka sami wani naka a Legas wanda ya san jita, ya je ya riƙe ta da hannunsa, ko a kasuwar Alaba take ko a gidan mai ita. Ya ɗaga ta ya leƙa wuyan daga kai zuwa jiki kamar yadda kafinta ke duba katako, ya ga ko gefe ɗaya ya fi ɗaya lanƙwasa. Bayan haka, a cikin siraran ƙarafunan da aka jera a gicciye a kan wuyan, ya danne tsirkiya mafi kauri a na farko daga wajen kai da na ƙarshe a lokaci guda, ya dubi tazarar da ta rage tsakanin tsirkiyar da ƙarfe na 8. Tazarar da ake so ba ta wuce kusan milimita 0.3 ba, wato ƙasa da rabin kaurin katin cirar kuɗi. Idan ta fi haka ba laifi ba ne, muddin sandar cikin wuya tana juyawa, shi ya sa dole a sa alanki a gwada ta a gaban mai sayarwa, a ɗan juya ta kaɗan a mayar. Idan ta ƙi motsi, ko ramin alankin ya side, ko tana juyawa babu wani ƙarfi, to a bar cinikin ko da kyauta za a ba da jaka. Daga nan ya jona ta da amfilifaya ya bi kowane ƙarfe ɗaya bayan ɗaya a kan kowace tsirkiya, ya murɗa kowane maɓalli, ya girgiza kan waya a bakin soket ya ji ko sauti na yankewa.

In babu wanda zai je maka, gara ka haƙura da wannan ka nemi wadda za ka iya gani da idonka, ko a Sabon Garin Kano ko a hannun wani makaɗi na kusa. Yamaha ko Ibanez ko Cort ta hannu mai lafiyayyen wuya ta fi Fender ɗin da ba ka taɓa ba, kuma a wurin biki babu mai tambayar abin da aka rubuta a kan jita.

Tambaya: Ina da ƙaramin situdiyo a Gusau inda muke naɗar waƙoƙin Hausa, yawanci da fiyano, amma na sayi bes mai araha domin kiɗan ya ƙara rai. Matsalar ita ce ƙugi da take yi, musamman idan muna kan janareta, kuma sautinta a dushe yake. Abokaina sun ce in yi odar fikof na Seymour Duncan ko EMG. Mene ne ra'ayinka, Malam?

Amsa: Malam, abokanka sun ambaci kamfanoni na ƙwarai, amma sun fara daga ƙarshe. Fikof, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar tagulla yake ɗaukar kaɗawar tsirkiya, shi ne abu na huɗu ko na biyar da zan taɓa, kuma a mafi yawan jitocin da ake kuka da su ba a ma kai wa gare shi.

Dushewar sauti kusan kullum daga tsirkiya take. Gumi da ƙura suna shiga tsakanin naɗin ƙarfenta har su kashe mata murya, kuma yawancin jitocin hannu suna zuwa ne da tsirkiyar da ta shekara da shekaru a jiki. Sayi sabon saiti mai lamba 45 zuwa 105, wanda shi ne matsakaicin kauri, na D'Addario ko Ernie Ball ko Rotosound, ka kuma kula da jabu, domin tsirkiya na cikin abubuwan da aka fi kwaikwayo. Bayan ka ɗaura, sai a daidaita wuya, a daidaita tsayin tsirkiya a kan abin da take hawa a ƙasan jita, wanda masu goge ke kira jaki, har tazarar mafi kauri ta zama kusan milimita 2.4 a kan ƙarfe na 17. A ƙarshe a gwada sautin ƙarfe na 12 da na'urar saiti: idan ya haura yadda ya kamata a ja mazaunin tsirkiyar da ke kan jaki baya, idan ya gaza a turo shi gaba. Wannan aiki bai fi na awa ɗaya ba, amma yakan sa mutum ya yi shakkar ko jitarsa ce aka dawo masa da ita.

Ƙugi kuma labarinsa daban ne. Wutar Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma fikof mai naɗi ɗaya, irin na Jazz Bass, yana ɗaukar wannan kaɗawa daga iska kamar eriyar rediyo. An tsara fikof biyu na Jazz Bass ta yadda idan ka buɗe maɓallansu duka zuwa ƙarshe ƙugin ɗaya zai kashe na ɗayan, shi kuwa na Precision tun 1957 aka raba shi gida biyu saboda wannan dalili. Don haka fara da buɗe maɓallan biyu ka saurara. Idan ƙarar tana raguwa duk lokacin da ka ɗora hannu a kan tsirkiya, to ramin da wayoyi suke ne ba shi da kariya, kuma maganinsa a liƙe cikinsa da tef ɗin tagulla a haɗa shi da wayar ƙasa ta jitar, wadda masu gyaran wuta ke kira "earth". Idan taɓawar ba ta sauya komai ba, a duba siririyar wayar da ke bi ta ƙarƙashin jaki, mai yiwuwa ta tsinke. Maɓallin da ke ƙarar yashi idan an murɗa shi a sauya shi da mai lamba 250k, wanda shi ne aka saba sa wa irin waɗannan jitoci, kuma duk mai iya riƙe dalma zai yi maka.

Akwai abin da ya fi ƙugi haɗari wanda ba zan wuce ban faɗa ba. Gidaje da situdiyoyi da yawa ba su da wayar ƙasa ta gaskiya, janareta ma haka ake tayar da shi a tsakar gida ba a kafa masa ƙarfe a ƙasa ba. Idan ka taɓa jin wuta ta ɗan ja ka a leɓe lokacin da kake riƙe da jita ka kusanci makirfo, to ka dakatar da aiki ka kira mai gyaran wuta a ranar, domin babu fikof ɗin da zai warkar da wannan.

Idan duk an yi waɗannan har yanzu muryar ba ta yi maka ba, sai a zo kan fikof, kuma a nan ma ka auna tsawo da faɗin ramin da ruwula kafin ka yi oda, saboda jitocin Asiya da yawa ramukansu ba su yi daidai da ma'aunin Fender ba. Galibin na EMG suna buƙatar batir mai bolt 9, wanda ke nufin sai an samar masa wurin zama a jikin jita. Ka kuma tambayi kanka ta ina kake sauraro: tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, kuma ƙaramar sifikar da aka yi domin jita ta yau da kullum ba za ta iya fitar da wannan ba, ƙarshenta ma tana iya yagewa.

Tambaya: Ni uwa ce a Birnin Kebbi. Ɗana mai shekara 13 ya nace sai mai tsirkiya biyar, ni kuma na ga mai huɗu ta fi sauƙi. Wacce ta dace da mai koyo?

Amsa: Hajiya, mai huɗu ta ishe shi. Ta biyar ɗin tana ƙara murya ɗaya ce ta can ƙasa, wadda masu kiɗan majami'a ke so domin su bi fiyano, amma wuyanta ya fi faɗi, ta fi nauyi, tsirkiyarta ta fi tsada, kuma a kan jita mai araha wannan ta biyar ɗin takan yi sako-sako. Abin da ya fi dacewa ki duba shi ne tsawo. Bes ta yau da kullum tsawon tsirkiyarta inci 34 ne, nauyinta kuma kusan kilo 4, akwai kuma gajera mai inci 30 wadda ta fi dacewa da hannun yaro. Ki je da shi ya rataya ta ya tsaya na minti goma, kafaɗarsa za ta ba ku amsa.

Tambaya: Yallaɓai, daga Yauri nake. Na kashe kuɗi sosai a kan Squier ɗina, na sauya fikof, na sa kunnuwan ɗaure tsirkiya na Gotoh da sabon jaki. Yanzu ina son in sayar in ƙara kuɗi in sayi Music Man StingRay ta hannu, amma duk wanda ya taya kuɗin Squier tsura yake bayarwa. Ga shi kuma tun shigowar hunturu bakin ƙarafunan wuya ya fito yana yankar hannu.

Amsa: Ɗan'uwa, masu tayin ba su zalunce ka ba, haka kasuwar take a ko'ina. Mai saye sunan da ke kan jita yake biya, kuma abin da kai kake gani a matsayin ƙari shi yana ganinsa a matsayin alamar an buɗe cikinta an yi taɓe-taɓe. Idan ka adana tsofaffin kayan da ka cire, mayar da su, ka sayar da jitar yadda ta fito daga kamfani, sannan ka sayar da fikof da kunnuwan daban ga wanda ya san darajarsu, a nan ne kwalliya za ta ɗan biya kuɗin sabulu. Idan ka huda sabbin ramukan kusa wajen ɗaura su, ka nuna wa mai saye tun kafin ya gani da kansa, domin aibin da aka ɓoye shi ke dawo da ciniki bayan an yi sallama. Idan da dillali a tsakani, ku yanke la'adarsa tun farko.

Batun ƙarafuna kuwa aikin hunturu ne. Busasshiyar iska tana tsotse danshin katako har ya ɗan tsuke, ƙarfe kuma ba ya tsukewa, sai bakinsa ya leƙo. Katakon jita ya fi son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, abin da ba mu samu daga Nuwamba zuwa Maris. Ka kai wa mai gyara ya goge bakin da ƙaramin magagari mai laushi yanzu da katakon yake a tsuke, domin idan aka yi shi a wannan lokaci ba kasafai yake dawowa ba. Ka riƙa ajiye ta cikin jakarta, kada ka bar ta a but ɗin mota a zafin Afrilu, kuma kada ka shafa mata man gyaɗa ko manja, domin suna yin ɗanko su kama ƙura.

Game da StingRay, wadda ta fara fitowa a 1976, ka tuna tana da da'irar lantarki a ciki mai cin batir, kuma batirin na ci ne muddin waya na jone a soket, ko kana kaɗawa ko ba ka kaɗawa. Ranar da za ka je ganinta ka tafi da sabon batir da alankinka, ka buɗe mazaunin batirin ka duba ko tsohon ya zubar da ruwa ya ci ƙarafunan. Ka kuma duba bayan kanta da kyau, domin akwai Sterling by Music Man, 'yar'uwarta mai sauƙin kuɗi da ake ƙerawa a Asiya, wadda a hoto da wuya ka bambanta su, alhali kuɗinsu ba ɗaya ba ne.