Ina ake samun kifin bass a Texas?

Malam, ka ce ka koma Houston da zama, kana neman inda za ka jefa ƙugiya ka kamo bass. To ai ka faɗo gidansa. Tafkin Sam Rayburn zan fara nuna maka, tafiyar kusan awa uku ce a mota. Toledo Bend da ke kan iyakar Texas da Louisiana shi ma ba baya ba. Tafkin Fork kuwa, gabas da Dallas, nan aka kamo bass mai babban baki (largemouth) mafi girma a tarihin jihar a 1992, nauyinsa ya haura kilo 8.

Sai dai kada ka tsaya a tsakiyar ruwa kana jira. Bass ɗan kwanton ɓauna ne, yana laɓewa a gindin kututturan da ruwa ya shanye, cikin ciyawa, ko ƙarƙashin gada. Ni da asuba nake zuwa, ruwa na tururi, in jefa dab da kututture in riƙa ja a hankali. Watan Maris zuwa Afrilu yakan matso gaɓa don yin ƙwai, ko ba kwalekwale za ka samu rabonka.

Ka yanki lasisin kamun kifi tukuna. A gandun shaƙatawa na jiha kuwa, kuɗin shiga ya wadatar, ba sai da lasisi ba.