Ajiyar harawa har bazara: ina ya kamata jari ya fara shiga?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da dusa a Tudun Wadan Zariya ya rubuto cewa yana so ya sayi harawar gyaɗa da ta wake a kakar bana daga ƙauyukan Giwa da Soba, ya ajiye har bazara. An ba shi shawarar ya ci bashi ya sayi injin matse ciyawa, ya kuma naɗe kowane dami da leda, shi ne yake tambaya ko hakan zai fisshe shi.

Alhaji, sana'ar da ka hango tana da kasuwa. A yankinmu ruwa kan ɗauke a watan Oktoba, ba ya kuma zama sosai sai wajen Mayu, saboda haka dabbobin cikin gari sukan shafe rabin shekara suna dogaro da abin da aka tanada. Babbar Sallah ta 2025 ta faɗo a farkon Yuni, kuma tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, wato nan da wasu shekaru masu turkar raguna za su riƙa kiwo ne a lokacin da abinci ya fi ƙaranci.

Sai dai ban goyi bayan bashin injin ba. Irin waɗannan injuna galibi tarakta ke jan su, an kuma yi su ne domin manyan gonakin ciyawa, alhali kai tsinta za ka riƙa yi gona-gona. Abin da mai kiwo ke biya a harawa ganyenta ne, domin a nan amfanin yake, kuma busasshiyar harawa da ta sha wahalar matsa kakkaɓewa take yi ta bar maka kara. Ka sa kafinta ya haɗa maka akwatin katako marar murfi, a shimfiɗa igiya biyu a ciki, a zuba harawa a tattake a hankali, sannan a ɗaure. A yi aikin da sanyin safiya, lokacin da ganyen bai yi ƙaushi ba. Damman za su fito girma ɗaya, wanda zai sauƙaƙa maka lodi da yanke farashi.

Batun leda shi ne ya fi ba ni tsoro. Naɗewar da ake gani a hotunan gonakin Turai ta ɗanyar ciyawa ce da ake tsarewa daga iska domin ta yi tsami, kuma ɓera ɗaya ya isa ya ɓata damin idan ya huda shi. Busasshiyar harawa iska take so. Ƙa'idar ita ce danshinta ya sauka zuwa kusan kashi 15 cikin 100 kafin a ɗaure. Idan aka rufe ta da sauran lema, za ta yi gumi, ta yi fumfuna, wani lokaci ma tarin ya ɗauki zafi har ya kama wuta. Ka murɗa ƙullin kara a hannu, in ya lanƙwashe da laushi to bai bushe ba. Bayan kwana uku da jerawa ka cusa hannu cikin tarin, in ka ji ɗumi a warware a sake shanyawa.

Kuɗin da ka yi niyyar kai wa injin, ka zuba shi a wurin ajiya: rumfa mai rufin kwano ko tampol daga sama kawai, gefe a buɗe, da dandamalin katako ko duwatsu da zai ɗaga damman daga ƙasa saboda gara. Rana tana cinye koren harawa, mai saye kuwa da ido yake fara ciniki. Ka nisanta rumfar daga murhu da busasshen daji, domin ka san halin gobarar hunturu.

Wajen lissafi, ka haɗa kuɗin mota, lodi, igiya, hayar wuri da abin da zai zube a hanya a kan kowane dami kafin ka kira wani abu riba. Kada ka taɓa jarin dusarka gaba ɗaya, tunda wannan kaya zai kwanta wata huɗu ko biyar bai dawo maka da ko sisi ba. Ka fara sakin kayan kashi-kashi tun daga Fabrairu, ka kuma tabbata rumfar ta kusa zama fanko kafin ruwan farko, domin da zarar sabuwar ciyawa ta tsiro farashi faɗuwa yake yi. Kafin ka fara saye, ka leƙa cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, da ke Shika, ka nemi jami'an sashen abincin dabbobi su nuna maka yadda suke busarwa da jera nasu.