Shin ana gyara tsofaffin wasannin kwamfuta kafin a sake sayar da su?

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanena da ya tambaya ɗazu ko tsofaffin wasannin da ake sake sayarwa ta intanet ana gyara su domin su yi aiki a Windows 10 ko 11, ka sani cewa ganin wasa a kasuwa ba ya nuna wani ya taɓa shi, kuma abin ya danganta da inda ka saya.

A Steam, shagon sayar da wasanni ta intanet, mai shi kamfanin Valve rumfa kawai ya bayar, gyara kuwa yana wuyan mai wasan. Fallout 3, wanda ya fito a 2008, ya daɗe yana dogaro da manhajar Games for Windows Live ta Microsoft, wadda ta riƙa hana shi buɗewa a sababbin kwamfutoci, kuma sai a watan Oktoba na 2021 Bethesda, kamfanin da ya yi wasan, ya cire ta, alhali duk tsawon shekarun ana karɓar kuɗin mutane. A ganina wannan sakaci ne.

GOG, wani shagon wasanni na intanet wanda kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ya buɗe a 2008, ya fi mayar da hankali, domin tsofaffin wasanni ne sana'arsa tun farko. Amma ko a can, yawanci ba a sake rubuta wasan. Idan na zamanin DOS ne, wato tsarin da kwamfutoci ke aiki da shi kafin Windows, ana haɗa shi da DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta, shi ya sa idan ka buɗe za ka ga wata baƙar taga ta bayyana da rubutu na ɗan lokaci, sannan hoton ya fito a tsakiyar allo da baƙin fili hagu da dama. Da suka kawo Diablo a 2019, zaɓi biyu suka ba mai saye: na asali yadda yake, da wanda aka gyara domin manyan alluna. A Nuwamba 2024 kuma suka ƙaddamar da shirin adana wasanni, suka fara da 100, tare da alƙawarin ci gaba da kula da su.

Waɗanda suka fi ba da wahala su ne na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, saboda an gina su a kan tsohon DirectX, manhajar Microsoft da wasanni ke amfani da ita wajen nuna hoto da fitar da sauti, wasu kuma suna da kariyar faifai irin SafeDisc wadda Windows 10 ta daina amincewa da ita. Masu kwamfutar Mac ta Apple ma, tun da sigar tsarinta mai suna Catalina ta zo a 2019 wasanni masu bit 32 suka daina tashi.

Irin su Age of Empires II: Definitive Edition na 2019 kuwa sabon aiki ne da kuɗinsa daban. Kafin ka biya, duba wace Windows aka rubuta a shafin wasan, sannan ka gwada shi nan take, domin Steam yana mayar da kuɗi ne cikin kwana 14 idan ba ka kai awa biyu kana wasa ba.