Mahaifina ya fara mantuwa: wane magani zan saya masa?

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 74. Kusan shekara guda ke nan yana maimaita tambaya ɗaya sau uku ko huɗu a zama guda, kuma kwanan baya ya ajiye makullansa a cikin firji, ya yi ta zargin jikokinsa da ɗaukewa. Ina yawan ganin tallar ƙwayoyin ginkgo da na man kifi a intanet, ana cewa suna dawo da kaifin ƙwaƙwalwa. Wanne ya kamata in saya?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Shawarata ita ce ki dakata da sayen nan tukuna. Ginkgo yana cikin abubuwan da aka fi gwadawa a wannan fanni, kuma gwajin bai wanke shi ba. A wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa a 2008, an bibiyi tsofaffi sama da 3,000 na kimanin shekara shida, rabinsu suna shan ginkgo sau biyu a kullum, rabin kuma suna shan ƙwayar da babu magani a cikinta, amma a ƙarshe cutar mantuwa ba ta raga wa masu shan ginkgon ba. Ga shi kuma yana iya jawo zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin. Man kifi ma ba a ga ya dawo da tunanin wanda cutar ta riga ta kama ba.

Abin da ya fi damuna da waɗannan ƙwayoyi shi ne lokacin da suke cinyewa, domin iyali sukan shafe watanni suna jiran su ga sauƙi alhali ba a san abin da ke damun dattijon ba. Ba kowace mantuwa ce cutar Alzheimer ba, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu wannan larura. Ƙarancin bitamin B12, wanda yakan samu masu ciwon suga da suka daɗe suna shan metformin, da raunin halittar tayirod da ke wuya, da ciwon damuwa, da wasu magungunan barci ko na mura, har da jinin da ya taru a cikin kai bayan faɗuwar da kowa ya manta da ita, duk suna iya rikita tsoho, kuma yawancinsu suna jin magani.

Saboda haka kuɗin nan ki kai su ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ki zuba duk magungunan da Baba yake sha a jaka ɗaya ki tafi da su, har waɗanda ba likita ne ya rubuta ba, sannan ki riƙe ɗan littafi da kika rubuta abin da ya faru da ranar da ya faru. Likitan zai yi masa gwaji mai maki 30: zai faɗa masa kalmomi kaɗan ya nemi ya maimaita su bayan wasu mintoci, ya kuma ba shi takarda ya zana agogo. Sau da yawa a nan 'ya'ya suke gane girman al'amarin, idan suka ga mahaifinsu ya cusa lambobi goma sha biyun duka a gefe ɗaya na da'irar. Bayan haka sai gwajin jini, da hoton ƙwaƙwalwa idan likitan ya nema. In ta tabbata Alzheimer ce, akwai donepezil da memantine, waɗanda suke rage alamomin na wani lokaci ba tare da tsayar da cutar ba. Donepezil yakan kawo tashin zuciya da gudawa, yana kuma rage bugun zuciya, don haka ba maganin da za ki saya da kanki ba ne.

Tambaya: Shekara biyar ke nan da aka tabbatar mahaifiyata tana da Alzheimer, yanzu ba ta gane mu. Na ji an fitar da sabon magani. In nema mata, ko nawa zai ci?

Amsa: Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, amma wannan magani ba na matakin da Mama take ba ne. Lecanemab, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta ba shi cikakken izini a 2023, da donanemab da ya biyo baya a 2024, an gwada su ne a kan waɗanda cutar ta fara taɓawa, bayan an tabbatar akwai daskararren sinadarin amiloid a ƙwaƙwalwarsu. Ko a cikinsu, lecanemab ya rage saurin lalacewar ne da kusan kashi 27 cikin ɗari a wata 18, bai warkar da kowa ba. Da farko ana ba da shi ta jijiyar jini duk mako biyu, kuma yana iya haddasa kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, abin da ya sa ake ta maimaita ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Abin da ka tanada ya fi amfani wajen samo mai taya ku jinya, da gyara makewayi yadda ba za ta zame ba.

Tambaya: Shekarata 62, ba na ji sosai, ina kuma tsoron mantuwa. In sayi manhajar wasannin motsa ƙwaƙwalwa ko na'urar ƙara ji?

Amsa: Na'urar, Malam, bayan an auna maka kunnuwan. Wasannin sukan sa mutum ya ƙware a wasan kawai. Raunin ji kuwa yana cikin abubuwa 14 da kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2024 a matsayin masu ƙara haɗarin cutar waɗanda ake iya gyarawa, tare da hawan jini, ciwon suga da shan taba. In kuɗin sun yi ragowa, ka haɗa da na'urar awon hawan jini mai ɗaurawa a damtse, ka riƙa rubuta abin da ta nuna kana kai wa likitanka.