Tambaya da Amsa: Elektirod ɗin amalgam zai iya maye gurbin ɗigon zaiba?

Tambaya: Malam, a ɗakin gwajinmu da elektirod mai ɗigon zaiba muke auna dalma da kadmiyam a ruwan rijiya, amma zubar da zaibar ya zame mana ciwon kai. An ce akwai na amalgam, wato haɗin zaiba da wani ƙarfe. Zai yi aikin kuwa? Daga wani ma'aikacin ɗakin gwaji a Gusau.

Amsa: Zai yi, ɗan'uwa, amma yana son kulawa. Tun da Jaroslav Heyrovský ya ƙirƙiro folarografi (auna sinadarai a ruwa da lantarki ta ɗigon zaiba) a Prague a 1922 ake riƙe da zaiba saboda abu biyu: kowane ɗigo sabuwar fuska ce, kuma iskar haidirojin ba ta saurin tasowa a kanta. Amalgam ɗin azurfa ya gaji na biyun, bai gaji na farkon ba.

Garin azurfa ake durawa a siririn bututun gilashi, a sa wayar filatinam, a tsoma bakin cikin zaiba har ya daskare. Sai a goge fuskar da garin alumina mai maikiron 0.3. In kana son ya fi jin ƙaramin adadi, tsoma bakin cikin zaiba na daƙiƙa 15 ya ɗauko ɗan kumburi. Sau ɗaya a mako ya wadatar, ƙaramar kwalbar zaiba kuwa sai ta yi maka shekaru.

Kowace safiya ka tashe elektirod ɗin da lantarki a ruwan gishirin KCl mai ƙarfin mola 0.2, a kan bolt −2.2, na minti 5, ana motsawa. Wanda ya tsallake wannan shi ne zai ga ƙololuwar dalma, wato tsinin da take nunawa a zanen awo, tana raguwa daga awo zuwa awo, ya zargi na'ura. Laifin fuskar ne: sabulu da dattin ruwa sun liƙe mata. Haka kuma kafin kowane awo a wanke ta da lantarki na kimanin daƙiƙa 30.

A ruwan asitet mai pH 4.5, dalma na fitowa wajen bolt −0.4, kadmiyam wajen −0.6, in Ag/AgCl ne elektirod ɗin da kake kwatanta bolt da shi. Ka fara busa naitirojin na minti 5 don korar oksijin. Kada ka hau da bolt ɗin can ɓangaren fositif, zaibar za ta narke, musamman in ruwan na da kiloraid. Tun da ruwan kowace rijiya da halinsa, ka riƙa ƙara sanannen adadin dalma cikin samfurin kansa, ka fitar da lissafinka daga nan.

Ƙurar gugar fuskar tana ɗauke da zaiba, a kwalba mai murfi za ka tara ta.