Tambayi Likita: Ɗana zai tafi Kanada koyon bincike, in sa masa albarka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim, jikana ne ya rubuta mini wannan. Ɗana na uku likitan ƙashi ne, bara ya gama ƙwarewarsa a asibitin ƙashi na Dala da ke Kano. Yau shekara 15 yana karatun nan, har gonata ta fadama na jinginar a kansa. Muna cewa an huta, sai ya zo mini da zancen wai an ɗauke shi zuwa Kanada wata shida. Na ce aikin tiyata za su ƙara maka? Ya ce a'a, ko wuƙa ba zai taɓa ba, bincike zai koyo. To likitan da ba zai taɓa majinyaci ba, me zai koyo? Kuma 'ya'yan mutane nawa suka tafi haka shiru kake ji? Ya ce sai da albarkata zai tafi.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya saka maka da alheri kan wannan ɗawainiya.

Gaskiya yaron ya faɗa maka. Ba zai taɓa wuƙa a can ba, don ba shi da lasisin aikin likita na ƙasarsu. Hannu kuwa ya riga ya samu, wanda ya yi shekaru a Dala, asibitin da ke karɓar karaya tun 1959, ba a koya masa riƙon wuƙa. Abin da zai koyo daban ne, kuma bari in ba ka labarin ranar da na san ba ni da shi.

Ina sabon likita aka kawo mana wani yaro ɗan shekara tara, lokacin mangwaro. Ya faɗo daga bishiya ya karye a saman gwiwar hannu. An kai shi wajen mai ɗori, an jera masa karare an ɗaure da tsumma tamau. Kwana biyar aka kawo shi, yatsun sun yi baƙi, wari ya riga shi shigowa ɗaki. Yanke hannun muka yi. Abin ya tsaya mini a rai, har na miƙe a wani taron likitoci ina kumfar baki, ina cewa irin wannan ya yi yawa a wajenmu. Wani tsohon malaminmu ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Nawa ne? Cikin nawa? Waɗanda mai ɗorin ya ɗaura suka warke ba su zo wajenka ba, wa ya ƙirga su?" Na yi tsuru-tsuru. Da na koma na jawo babban littafin ɗakin tiyata, mai yagaggen bango, na ga akwai layin suna, layin gari, layin aikin da aka yi. Babu layin abin da ya faru da mutum bayan an sallame shi. Ko waɗanda mu muka yi wa aiki, ban san nawa suka koma gona ba, nawa suke ɗingishi.

To wannan ne binciken, Alhaji. A koyi yin tambaya ɗaya tak, a ƙirga daidai, a kwatanta hanya biyu ba da son rai ba, a bi majinyaci har shekara. Kai ma kana yi in ka shuka irin gero biyu a kunya daban-daban ka jira kaka ta raba gardama.

Kanada da za shi sun yi suna a nan. Likitocin Jami'ar McMaster sun taɓa tambayar abin da kowa ke ganin ya sani: in ƙashi ya karye ya huda fata, da me ya fi a wanke ciwon, ruwan sabulu ko ruwan gishiri zalla? A fesa da ƙarfin inji ko a zuba a hankali? Suka bi mutum sama da 2,400 a asibitoci 41, ƙuri'a ce ke zaɓar wanda za a yi wa kowace hanya don kada likita ya fifita tasa. A 2015 sakamako ya fito: waɗanda aka wanke da sabulu sun fi komawa tiyata, kuma zubawa a hankali ba ta gaza injin mai tsada ba. Ka ga asibitin karkara da ba shi da inji ya samu hujjar kwantar da hankali. Ruwan gishirin asibiti nake nufi fa, irin na ƙarin ruwa, kada wani ya jiƙa na miya.

Sai dai ba a yi wannan aikin a kan majinyatanmu ba. Mutumin da babur ya watsar a hanyar ƙauye, ƙasa ta cika ciwon, ya kwana biyu kafin a samo kuɗin mota, dole mu ne za mu ƙirga shi. Har wasu kayan aiki ma sai da rahoto ake samunsu yanzu. Ƙungiyar SIGN da Dakta Lewis Zirkle ya kafa a Amurka a 1999 tana ba asibitocin ƙasashe matalauta ƙusar ƙarfe da ake zurawa cikin ɓargon cinya ko ƙwauri ba tare da injin hoto a ɗakin tiyata ba, kuma abin da take nema shi ne likita ya riƙa aika bayanin kowane aiki da hotunansa.

Tsoronka kuwa ba na banza ba ne, ni ma abokan karatuna da yawa sai a waya. Amma akwai alamu. Zaunar da shi bayan isha'i ka tambaye shi wace tambaya zai tafi da ita daga gida. In ya ce maka, misali, yana son sanin kwana nawa masu karaya ke yi kafin su iso asibiti da abin da ke tsare su, to zuciyarsa tana nan. In ya ce a can za su ba shi, ka ce ya sake tunani, don akwai shirye-shiryen da ke mayar da likitocinmu 'yan tattara bayanai kawai, mu yi wahala, sunan wasu ya hau gaba. Ya nuna maka takardar hutun karatu daga inda yake aiki. Wasu masu ba da tallafin da kansu suke sa sharaɗi, kamar Chevening ta Ingila da ke wajabta komawa gida shekara biyu. In kuwa ka ji yana zancen jarrabawar PLAB, wannan ta neman lasisin aiki a Ingila ce, magana ta canja.

Batun kuɗi, kada ka sake taɓa gona. Ya bincika a rubuce wa zai biya jirgi, masauki da abinci. Duk wanda ya ce a fara turo masa kuɗi kafin a ba da gurbi, a ja baya.

Ni dai a ganina ka sa masa albarka, wata shida kamar gobe ne. Amma akwai aikin da yake hannunka. Kafin ya tashi ya buɗe sabon littafi mai layin lambar wayar majinyaci da ta ɗan'uwansa, ya damƙa wa ma'aikacin jinyar da ya yarda da shi, ya kuma tsara dawowar mutane ta faɗo ranar kasuwa, lokacin da mota ke samuwa. Sannan ka kama hannunsa ka kai shi gaida mai ɗorin garinku. Shi ke fara ganin karaya kafin kowa, kuma ba zai buɗe wa yaro mai farar riga cikinsa ba sai ya ga kai ne ka kawo shi.